Wa Zai Fara, Wa Zai Jira: Aikina a Gaban Uwar Kwamfuta

Sunana Saratu, amma a Kafanchan an fi sanina da Maman Kwamfuta. Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa. In kun ga magana ta karkace a wani wuri, kuka ne ya katse ni. Maigidana Bitrus ya tafi gida wurin Ubangiji, kuma ba ni da yadda zan ba da labarin aikin nan ban ratsa ta kansa ba.

Ku yaran da kuke shigowa shago ku gan ni a lungu na zuba wa lambobi ido, na san abin da kuke faɗa. Da kunnena na ji wata tana gaya wa ƙawarta cewa tsohuwar nan gadin kujera take yi, ai kwamfuta ita ke yin komai da kanta. To, ku matso ku ji.

Shagonmu yana kan hanyar Kagoro. Allo goma sha biyu ne a ciki, kowanne da kujerarsa, amma babu ko ɗaya da ke da ƙwaƙwalwar kansa. Duk daga babbar kwamfuta guda suke sha, wadda muke kira uwa. Bitrus ya sayo ta ta hannu bayan ya bar aikin jirgin ƙasa. Uwa hannu biyu gare ta, aiki biyu kawai take iya riƙewa a lokaci guda. Abin da ya sa mutum goma sha biyu kowa ke jin kamar shi kaɗai ake yi wa aiki, saurin sauya hannu ne: ta taɓa naka ta saki, ta taɓa na wancan ta saki, kafin ka ƙifta ido ta zagayo. Wa za ta fara taɓawa, wa zai daɗe a hannunta, wa zai jira, nan ne aikina yake.

Kafin shagon, a injin niƙa na tsufa, a bayan kasuwa. Da ciwon suga ya fara cin idon Bitrus, ya daina ganin ƙananan rubutun allo, sai wata safiya ya ce in bar injin in zo in zama idonsa. Na ce ni da ban san baƙi ko ɗaya ba? Ya ce ai na san lamba, tunda ban taɓa ɓatar da kwanon kowa ba. Haka muka zauna a kan benci guda, shi da karatu ba ido, ni da ido ba karatu.

Darasin farko tambaya ya yi mini. Ya ce ga mai buhun masara ya riga kowa zuwa, ga mace da ɗan kwanon tumatir ta baro tukunya a kan wuta, wa zan fara yi wa? Na ce mai tumatir mana, nata ba ya ɗaukar lokaci, mai buhu kuwa ko ya ƙara jira kaɗan bai ji komai ba. Ya buga cinya ya ce akwai waɗanda suka je babbar makaranta ba su gane wannan ba. Mutumin da ke zaune yana buga takarda shi ne mai tumatir: ɗan abu yake so, amma yanzu yake so. Haɗa bidiyon biki ko kwafe hotuna masu yawa su ne buhun masara.

Ya koya mini cewa kowane aiki da ya shiga cikin uwa yana da lambar shaidarsa, yana kuma da wata lamba da muka sa wa suna lambar haƙuri. Kowa da sifiri yake farawa. In na hau da ita, har zuwa goma sha tara, aikin sai ya ƙara haƙuri yana barin wasu su wuce. In na sauka ƙasa da sifiri, lambar sai ta ɗauki sanda a gabanta, har zuwa ashirin mai sanda, aikin kuma ya zama mai ture mutane. Kowa na iya ƙara wa aikinsa haƙuri, amma ba mai iya ba shi sanda sai mai shago, wanda ke riƙe da lambar sirri.

Bayan wannan akwai layi uku. Layin kowa, inda lambar haƙuri ke aiki. Layin jira, wanda ba ya samun komai sai abin da kowa ya rage. Sai layin sarauta, wanda in aiki ya shiga, ba mai taɓa hannun uwa sai shi ya saki don kansa. Tunda ba zan iya rubuta dogayen umarni ba, Bitrus ya taƙaita kowanne ya koma maɓalli guda, ya ɗauko jan farcen 'yarmu ya ɗiga musu launi: shuɗi na kowa, fari na jira, ja na sarauta. In danna launin, in buga lambar aikin, in danna babban maɓalli, shi ke nan aikin ya sauya layi, shi da 'ya'yansa duka, wato ƙananan ayyukan da ke ƙarƙashinsa. Sunayen ayyuka kuwa da kamanninsu na haddace su. Mai haɗa bidiyo, misali, sunansa yana farawa da ƙugiya biyu a jere.

Jan maɓalli sau ɗaya muke taɓa shi a wata, ranar da 'yan kwaya, mawaƙan cocinmu, suka zo ɗaukar waƙa. Ɗaukar murya ba ta da ci, kurɓa take yi ta saki, amma in ta nema ba ta samu nan take ba, sai ka ji waƙa ta yi tuntuɓe. Irin wannan aikin ake ba sarauta. Bitrus ya ce mai ci da yawa ba a ba shi, ko na wane ne.

Kuskurena na farko son kirki ya jawo shi. Wata ranar kasuwa kujeru suka cika, kowa na ƙorafin jinkiri, ni kuma duk na san iyayensu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba kowa goma mai sanda. Na zauna ina jiran godiya, babu abin da ya canza. Da na karanta wa Bitrus lambobin, ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce in kowa a coci ya koma bencin gaba, to bencin gaban ne ya zama coci. Daga ranar na gane ba na ƙara wa uwa ƙarfi. Abin da na ba wani, daga bakin wani na cire.

Akwai kuma ranar Alhaji Sale, mai sayen citta, wanda kakanninsa suka zauna a garin nan tun zuwan jirgi. Ya zo a buga masa takardun lodin mota, direba na jiransa a tasha. Na ba aikinsa biyar mai sanda, amma firinta ta yi shiru. Ya ce, "Maman Kwamfuta, yau kuma uwar taku azumi take yi?" Na duba na sake dubawa, sai na gano tun da safe na jefa wani ƙaramin aiki layin jira don na ga kamar ba ya komai, ashe shi ne mai miƙa wa firinta takarda. Babban mutum ya tsaya yana jiran ɗan aiken da ni da kaina na ɗaure. Na kwance shi, takardu suka fara fita. Na gaya wa Alhaji gaskiya cewa laifina ne. Ya ce in haka ne gobe ma a nan zai buga, domin mai shagon da ke cewa laifinsa ne bai da yawa a kasuwa.

Mummunar shekararmu ita ce wadda citta ta ruɓe a gona. Daga Kagoma har cikin gari ba wanda ke da sukunin biki, balle ya ɗauki bidiyo. A cikinta fanka ɗaya ta uwa ta mutu ba mu sami irinta ba, ya zama in ta ɗauki nauyi sai ta yi zafi ta rage gudu. Na koyi jin lafiyarta da tafin hannu, kamar goshin mai zazzaɓi. Babban aiki duk na mayar da shi layin jira, mu lallaɓa da shi a hankali. Ba mu rufe shago ko kwana ɗaya ba a wannan shekarar, sai da ƙarshenta ya zo da abin da ya fi ruɓewar citta. Bitrus ya kwanta kwana tara, ya tafi.

Ran Litinin aka binne shi. A al'adarmu matar mamaci tana zama a kan tabarma mako guda, 'yan zumuntar matan coci kewaye da ita, ba ta ƙetare ƙofar gida sai ran Lahadi da za a je sujadar godiya. Ƙanen mijina, Markus, ma'aikacin gwamnati ne mai ilimi, shi ya karɓi makullin shago da littafin da Bitrus ke rubuta lambar sirri. Babban wansu, Baba Ishaya, ya ba da umarni a haɗa bidiyon jana'iza a aika Kaduna da motar ƙarfe biyar ta ran Jumma'a, a buga faifai a dawo da su, domin duk dangin da suka zo sujada kowa ya koma gida da nasa.

Ran Jumma'a wajen ƙarfe biyu da rabi, ina zaune mata na rera waƙa, sai ga Malam Danladi a tsakar gida, hula a hannu. Shugaban wata makaranta ne a Gwantu, kowace shekara shi ke kawo mana ɗalibansa su yi rajistar jarrabawar shiga babbar makaranta. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya ce in yafe masa, ya san ba ranar magana ba ce. Ya kawo yara goma sha uku, an ɗauki hotonsu da zanen yatsansu, suna cikin cika fom komai ya daskare. Ƙarfe huɗu za a rufe rajista, wanda bai shiga ba sai baɗi. Ya zaga sauran shagunan gari duk layi har titi. Ya ce a cikin yaran akwai waɗanda iyayensu ba za su iya jiran baɗi ba, gona ko aure za a tura su.

Shugabar zumunta ta ce masa ya je ya sami Markus, ai mai takaba ba ta fita. Ya ce Markus ɗin ne ke gaban na'urar tun ɗazu yana gumi. Na tambaye shi ko fankar uwa tana kuka da ƙarfi ba ta tsagaitawa. Ya ce kamar za ta tashi sama. Na nemi takalmina.

Mata suka riƙe mini zane. Wata ta ce me mutane za su ce, kwana huɗu da binne miji a gan ni a kan mashin. Baba Ishaya ya fito daga ɗaki ya ce in na ƙetare ƙofar nan na kunyata gidansu. Na durƙusa na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri. In ƙanenka ne ke kwance a ɗakin nan da zazzaɓi ya ji wannan, da ya riga ni fita." Na hau bayan mashin ɗin Malam Danladi da baƙaƙen kayana, ina kuka har shago, ban ɓoye fuska ba.

Na tarar da yara sha biyu a kan kujeru, ta sha ukun a tsaye, kowa na dukan maɓalli kamar hakan zai tayar da uwa. Markus ya miƙe ya ce, "Matarmu, me ya fito da ke?" Na ce ya matsa in gani. Allon lambobi ya tsaya, sai can ya motsa sau ɗaya ya sake tsayawa. A saman jerin ga mai ƙugiya biyu ya cinye hannun uwa duka biyun. Inda ya kamata in ga lambarsa a layin kowa, alamar sarauta na gani.

Na tambayi Markus ko ya taɓa jan maɓalli. Ya ce ya taɓa. Ya ga bidiyon yana tafiyar hawainiya, ya duba littafi ya ga akwai layin da ya fi kowanne girma. Ya ce a ina aka taɓa jin babba ya mutu a sa shi bin layi da 'yan makaranta? Yayansa ne, shagonsa ne, na'urarsa ce. Da abu ya daskare ya yi ta ƙoƙarin ƙara wa bidiyon lambar haƙuri, ba ta yi komai ba. Na ce ba za ta yi ba, a layin sarauta ba a duba wannan lambar. Ban yi masa faɗa ba. Don girmama mamaci ya yi, kuma a gidanmu haka ake yi a komai: a wurin abinci, a wurin zama, a wurin magana.

Ya ce to a kashe a kunna. Na ce in aka kashe, fom ɗin yaran da hotunansu duk sun tafi, uwa kuma tsohuwa ce, kafin ta farka ta tashi allo goma sha biyu an ci rabin lokacin da ya rage, bidiyon ma daga farko zai koma. Na san masu ƙera tsarin sun bar 'yar kafa: ko sarauta ta kama komai, a kowace daƙiƙa akwai ɗan guntun da ake bar wa sauran jama'a. Amma mu goma sha uku ne muke kokawa a kan guntun nan. Na ce wa Malam Danladi kowane yaro ya ɗaga hannuwansa ya ɗora a ka. Ya daka musu tsawa irin ta malamai, shago ya yi tsit, sai kukan fanka.

Na karanta lambar shaidar bidiyon, lamba huɗu ce. Na miƙa yatsa kan farin maɓalli. Markus ya san launukan daga littafi, ya riƙe mini hannu.

"Fari kuma? Ki sa shi a shuɗi mana, ya raba da su. In ya shiga jira ba zai kama motar biyar ba."

Na ce na sani. In ya zauna a layin kowa zai riƙa jan rabonsa, uwa ta yi zafi ta rage gudu, yara sha uku ba za su gama kafin huɗu ba. Da fankarta biyu ne da na gwada.

"Yayana za ki kai ƙarshen layi, matarmu? A makon da aka binne shi?"

"Mijina ne kafin in kai shi, mijina ne bayan na kai shi. Sakar mini hannu, Markus."

Ya sake ni. Na danna fari, na jira. Ba abin da ya fito. Nan ne mai gaggawa ke ɓata aiki, ya ɗauka bai shiga ba ya sake dannawa, su taru su fito biyu. Na naɗe hannu na ƙirga numfashina har alamar ta bayyana. Na buga lamba ta farko, na jira. Ta biyu, na jira. Hawaye na rufe mini ido ina sharewa da gefen ɗankwali, domin in na kuskure lamba ɗaya wani aikin zan jefa jira, wataƙila ma na ɗaya daga cikin yaran. Da huɗun suka cika na karanta su a bayyane, na sa Markus ya duba ya ce daidai ne. Na danna babban maɓalli.

Jim kaɗan allon lambobi ya fara motsi kamar yadda ya saba. Wata yarinya ta ce nata ya dawo, ba ta sauke hannu daga ka ba sai da malaminsu ya ba da izini. Ƙarfe uku ta wuce da kusan kwata. Ban ba kowa sanda ba, ban manta darasin bencin gaba ba. Sai mai aika hoto, in na ga ya tsaya, in ɗaga shi kaɗan ya wuce in mayar da shi sifiri. Wanda ya gama na ce ya rufe komai ya tashi, kada ya bar wa uwa kaya. Ta sha ukun ta zauna a kujerar wanda ya fara gamawa, yarinya ce siririya, don tsoro ta yi ta kuskure tana gogewa. Malam Danladi yana duba agogo yana taunar leɓe. Na ce ya fita waje, shi ne ke ƙara firgita ta. Takardarta ta fito daga firinta saura minti shida huɗu ta cika.

Da kujeru suka zama ba kowa, ban taɓa komai ba. Uwa da kanta ta juya ta ba bidiyon hannunta duka biyu, tunda babu sauran mai nema. Na ɗora tafina a kanta, da zafi, na zauna ina kallon lambar tana hawa a hankali, na yi kuka iya son raina. Malam Danladi ya so yaran su zo su yi godiya, na ce ya kai su tasha kada su rasa motar Gwantu. Markus ya je tashar Kaduna ya roƙi direba ya ƙara jira, direba ya jira iya abin da zai iya ya tafi. Bidiyon bai gama ba sai shida da rabi.

Aikin ke nan da kuke gani kamar zaman kujera. Danna maɓalli kowa ya iya, Markus ma ya danna. Ba a raba faifai ran Lahadi ba, dangin Legas da na Jos suka koma hannu wofi, kuma har yau akwai waɗanda in mun haɗu a coci gaisuwarsu gajeriya ce.

A ranar dai Markus ne ya mayar da ni gida. Mata suna nan a kan tabarma, sun bar mini gurbina, ba wadda ta ɗaga kai. Baba Ishaya yana zaune a ƙofar ɗaki da sandarsa a tsakanin gwiwa. Ya bari sai da na cire takalmi na zauna, sannan ya tambaye ni ina ƙanensa Bitrus, bidiyon yake nufi, ya kama mota ko bai kama ba.

Na ce, "Bai kama ba, Baba. Ya tsaya ne yara su wuce."